Wa Ke Binciken Jinin da Hukuma Ta Zubar? Nazarin Kisan Mutum Shida na Apo a Mahangar Fiƙihun Jinayat da Wilayatul Mazalim

Gabatarwa

Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, kuma a kan wannan ginshiƙi aka gina hukunce-hukuncen ƙisasi da diyya da ƙasama. Sai dai akwai wani nau'in kisa da yake da wuyar sha'ani fiye da sauran, wato wanda ma'aikacin hukuma ya aikata da makamin da al'umma ta damƙa masa. Wahalar ba ta cikin sanin hukunci take ba, domin hukuncin jini sananne ne. Tana cikin tabbatar da abin da ya faru ne. Idan ɗan sanda ya harbe mutum, galibi abokan aikinsa ne suke fara isa wurin, su ne suke ɗauke gawa, su tsinci kwanson harsashi, su rubuta rahoton farko, su kuma gaya wa jama'a ko wane ne mamacin. Kafin alƙali ya ji labari, hujjojin duka sun riga sun bi ta hannun ɓangaren da ake tuhuma.

Wannan maƙala ta ɗauki wata shari'a da aka yi a Nijeriya, wadda aka fi sani da shari'ar mutum shida na Apo, domin ta nuna yadda wannan matsala take aukuwa a zahiri, sannan ta auna ta da abin da fiƙihu ya tanada game da shaidar wanda ake tuhuma da kuma hukumar duba zaluncin ma'aikata.

Abin da Ya Faru a Abuja

A daren 7 ga watan Yuni na shekarar 2005, zuwa wayewar garin 8 ga wata, 'yan sanda a yankin Garki da ke Abuja suka buɗe wuta a kan wata mota mai ɗauke da matasa shida: maza biyar 'yan kasuwar kayan mota ta Apo, da mace ɗaya. Huɗu suka mutu nan take. Sauran biyun sun tsira daga harbin farko, amma aka kashe su daga baya a cikin daren. Da gari ya waye, bayanin da ya fito daga 'yan sanda shi ne cewa 'yan fashi da makami ne aka kashe a musayar wuta. An ajiye makamai kusa da gawarwakin an ɗauki hoto, aka kuma binne su cikin gaggawa.

Da maganar ta tsaya a hannun 'yan sanda, da nan ta ƙare. Abin da ya hana haka shi ne 'yan kasuwar Apo sun san mutanensu, suka ƙi amincewa, har aka yi tarzoma. Gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta kafa kwamitin bincike na shari'a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck. A gaban wannan kwamiti ne labarin fashi ya warware: wasu 'yan sanda da kansu suka ba da shaida cewa makaman ɗora su aka yi, aka tono gawarwakin likitoci suka duba su, gwamnati ta nemi afuwa, ta kuma biya iyalan kowane mamaci naira miliyan 3.

Shari'ar laifi kuwa ta ɗauki kusan shekara 12. Sai ranar 9 ga Maris na 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke hukunci. Ya yanke wa ƙananan 'yan sanda biyu hukuncin kisa saboda mutum biyun da aka kashe daga baya, ya kuma sallami uku, cikinsu har da jami'in da ya fi kowa girman muƙami. Baturen 'yan sandan Garki na lokacin bai tsaya gaban kotu ba, domin ya tsere daga inda ake tsare da shi tun farkon al'amarin. Game da mutum huɗun farko, kotu ta ce shaidun sun saɓa wa juna, kuma ba a ɗauki zanen yatsa ba a lokacin da ya kamata, wanda da shi ne za a gane hannun da ya riƙe bindigar. Ma'ana, jinin mutum huɗu ya tafi ba a ɗora shi a wuyan kowa ba, ba don an rasa gawa ko makami ba, sai don waɗanda alhakin tattara hujja yake kansu a ranar farko su ne abokan aikin waɗanda ake zargi.

Ƙa'idar Tuhuma

Fiƙihu bai ɗauki wannan a matsayin baƙon al'amari ba. A babin shaida, malaman Malikiyya sun sanya rashin tuhuma cikin sharuɗɗan karɓa, ƙari a kan adalci. Mutum yana iya zama adili, mai sallah da gaskiya, amma a mayar da shaidarsa idan tana jawo masa amfani ko tana tunkuɗe masa cuta. Don haka ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta abokin tarayya a cikin dukiyar da suka yi tarayya, ko ta dangin da diyya za ta hau kansu idan suka zo suna sukar shaidun kisan. Wannan misali na ƙarshe ya yi kama ƙwarai da halin rundunar da take binciken ɗanta: idan laifi ya tabbata, sunanta ne zai ɓaci, shugabanninta ne za a tambaya, kuma a kanta biyan diyya zai faɗa.

Abin lura shi ne mayar da shaida saboda tuhuma ba ƙaryata mai shaida ba ne. Shari'a ba ta ce uba maƙaryaci ne ba. Ta dai ƙi ɗora haƙƙin wani a kan zuciyar da aka san inda take karkata. Haka nan alƙali ba ya hukunci ga kansa, ko ga wanda shaidarsa gare shi ba ta halatta, kuma mashhurin mazhabar Malik shi ne ba ya hukunci da abin da shi kaɗai ya sani. Idan an ɗaure hannun alƙali haka, alhali an zaɓe shi ne don ilminsa da tsentseninsa, to mai bincike da yake cin albashi a ofis ɗaya da wanda ya yi harbi, yake kuma jiran ƙarin girma daga shugaba ɗaya, ya fi cancantar a ɗaure nasa.

Akwai kuma asali daga sira. A shekara ta 8 bayan hijira, bayan buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya aiki Khalid bin Walid (RA) zuwa ga Banu Jazima. Mutanen ba su iya furta shigarsu Musulunci da lafazin da aka saba ba, Khalid ya fahimce su a kan wata ma'ana, aka kashe wasu, aka kama wasu, sannan ya umarci kowa ya kashe wanda yake riƙe da shi. Abdullahi bin Umar (RA) ya ƙi, ya kuma hana mutanensa. Da labari ya iso masa, Annabi (SAW) ya ɗaga hannuwansa ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata. Bukhari ya kawo wannan a Kitabul Magazi, ya sake kawo shi a Kitabul Ahkam a babin da ya ƙulla kan cewa hukuncin shugaba idan zalunci ne ana mayar da shi. Malaman sira kuma sun ruwaito cewa an aiki Aliyu bin Abi Ɗalib (RA) da dukiya, ya biya diyyar waɗanda aka kashe da duk abin da aka lalata, har ƙoƙon da kare yake shan ruwa.

Ba a yi wa Khalid ƙisasi ba, kuma malamai sun bayyana dalili: ya yi tawili ne, ya yi kuskure a cikinsa. Amma kafin a kai ga wannan uzuri, an saurari waɗanda suka halarci abin, an bayyana kuskuren a fili ba a rufe shi don tsare mutuncin runduna ba, kuma wanda aka tura ya daidaita al'amarin ba Khalid ba ne, ba kuma ɗaya daga cikin mutanen rundunarsa ba. Uzuri sakamakon bincike ne, ba abin da ake gabatarwa don a hana bincike ba.

Wanda Ya Yi Umarni da Wanda Ya Ja Kunama

Mutum biyun da aka yanke wa hukunci a shari'ar Apo sun kafa hujja da cewa umarnin na gaba da su suka bi, kotu kuwa ba ta karɓi wannan ba. A nan dokar ƙasa ta haɗu da matsayin Ibn Umar a ranar Banu Jazima. Malikiyya sun tafi a kan cewa idan aka tilasta mutum ya kashe wani da zalunci, ana yin ƙisasi a kan wanda ya tilasta da wanda aka tilasta gaba ɗaya, domin ran mai kisan bai fi ran wanda aka kashe daraja ba. Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad bin Hasan sun ɗora ƙisasin a kan wanda ya tilasta kaɗai, suna ganin ɗayan tamkar makami ne a hannunsa. Duk da saɓanin, ra'ayoyin nan biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: wanda ya tilasta ba ya kuɓuta. Binciken da ya tsaya a kan kurtu da kofur, ya bar wanda ya ba da umarni, ya ɗauki mafi raunin ɓangaren alhaki ya bar mafi ƙarfinsa. Kuma da wuya ƙaramin jami'i ya bi diddigin umarni har zuwa teburin wanda zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa.

Kisan mutum biyun da suka tsira yana da wani suna a fiƙihu. Wanda aka riga aka kama, ba shi da makami, ba ya kai hari, babu sauran maganar tunkuɗe mai farmaki a kansa, domin wannan rangwame yana ƙarewa ne da ƙarewar barazana, kuma sharaɗinsa a fara da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe cutar. Keɓe mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi ya fi kusa da abin da Malikiyya suke kira kisan gilla, wanda a wurinsu waliyyin jini ma ba shi da ikon yafe shi, kuma bambancin addini tsakanin mai kisa da wanda aka kashe ba ya kare mai kisan.

Wilayatul Mazalim da Hukumomin Zamani

Magabata sun gane cewa alƙali na yau da kullum ba ya iya tanƙwara mai iko. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, ya ware babi a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya kan wilayatul mazalim, ya bayyana ta a matsayin muƙamin da yake haɗa kwarjinin mai mulki da natsuwar alƙali. Ya lissafa abubuwa goma da suke ƙarƙashinta, na farkonsu shi ne duba ƙetare iyakar da ma'aikata suke yi wa talakawa. Ya kuma bayyana cewa wannan ba ya jiran mai ƙara: wajibi ne mai wannan muƙami ya bincika da kansa. Ya ba shi ikon da alƙali ba shi da shi, kamar kiran shaidu da kansa, da rantsar da su idan ya yi shakka, da bin alamomi da shaidar hali har gaskiya ta bayyana. Tun kafin wannan tsari ya sami suna, Umar bin Khaɗɗab (RA) yana da Muhammad bin Maslama (RA), wanda yake aikawa ya binciki ƙorafin da aka kawo a kan gwamnoni, ya je ya tambayi mutanen gari da kansa.

Siffofin nan, wato bincike ba tare da jiran ƙara ba, da ikon tilasta shaida, da kasancewa a wajen ma'aikatar da ake bincika, su ne ƙasashe da dama suka dawo gare su ta hanyar ɗanɗana kuɗarsu. Lardin Ontario na Kanada ya kafa sashen bincike na farar hula a 1990. Ingila da Wales sun kafa hukuma mai zaman kanta a 2004, suka sake mata fasali a 2018. Kenya ta yi dokar hukumarta, IPOA, a 2011. A Afirka ta Kudu, dokar IPID ta 2011 ta wajabta wa hukumar binciken duk mutuwar da ta auku a hannun 'yan sanda ko sanadiyyar aikinsu, ta kuma wajabta wa 'yan sanda sanar da ita nan take, su biyo da rubutaccen rahoto cikin awa 24. Wannan sharaɗi na lokaci shi ne zuciyar al'amarin, domin a cikin awoyin farko ne kwanson harsashi yake ɓacewa, a wanke mota, jami'ai su zauna su daidaita bakinsu.

Ba a Nijeriya kaɗai rundunar tsaro take ƙoƙarin riƙe waɗannan awoyi ba. Mako shida bayan abin da ya faru a Abuja, ranar 22 ga Yuli 2005, 'yan sandan Landan suka harbe wani ɗan ƙasar Brazil a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell, bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Shugaban rundunar ya nemi a dakatar da shigowar hukumar mai zaman kanta, kuma an yi kwanaki kafin ta karɓi binciken. Bambancin shi ne a can akwai doka da ta riga ta ba wata hukuma wannan haƙƙi, don haka jinkirin kansa ya zama abin tuhuma. A Abuja kuwa sai da aka yi tarzoma kafin a sami mai bincike daga waje.

Wilayatul mazalim tana da nata rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mai riƙe da ita yana da 'yanci daga shugaban 'yan sanda da gwamna, amma ba daga sarkin da ya naɗa shi ba, don haka ƙarfinta yana hawa da sauka gwargwadon adalcin mai mulki. Hukumomin zamani ma sun gamu da wannan. A 2016 Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta soke tanadin da ya ba ministan 'yan sanda ikon dakatar da shugaban IPID shi kaɗai, tana ganin hukumar da minista zai iya tsige shugabanta duk ranar da ya so ba ta da 'yancin da ake faɗa.

A Nijeriya akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba ikon naɗi da ƙarin girma da ladabtar da kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. Ikon ladabtarwa ne, ba na binciken laifin kisa a wurin da aka yi shi ba, kuma sau da yawa tsofaffin Sufeto Janar ne suka shugabance ta: Mike Okiro, da Musiliu Smith, da Solomon Arase. Sashen karɓar ƙorafi da aka buɗe a 2015 yana cikin rundunar ne. Abin da ya rage shi ne kwamitocin wucin gadi, irin na Apo, da waɗanda jihohi suka kafa bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020. Kwamiti irin wannan yana zuwa bayan makonni ko shekaru, yana ba da shawara ba hukunci ba, kuma ba a kafa shi sai inda hayaniya ta yi yawa. Manomin da aka harbe a shingen hanya a ƙauyen da ba ɗan jarida ba ya samun kwamiti.

Masu adawa da wannan tsari suna cewa ɗan sanda yana yanke shawara ne cikin ƙiftawar ido, a gaban 'yan bindigar da suka kashe abokan aikinsa da yawa, kuma tsoron bincike zai sa ya yi jinkirin da zai halaka shi. Maganar tana da nauyi, kuma fiƙihu bai yi watsi da ita ba, tunda ya bambanta ganganci da kuskure, ya kuma halatta tunkuɗe mai farmaki ko da ya kai ga kisa. Amma wanda ya fi kowa cin moriyar mai bincike daga waje shi ne jami'in da ya yi harbi bisa gaskiya. Idan rundunarsa ce ta wanke shi, ba wanda zai yarda, domin jama'a sun ji kalmar "ɗan fashi" a kan gawar mai laifi da ta marar laifi. Mutanen Arewa maso Gabas sun ga inda wannan rashin yarda yake kaiwa bayan kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ranar 30 ga Yuli 2009, bayan sojoji sun miƙa shi da ransa. Ɓarnar aƙidarsa da jinin da mabiyansa suka zubar ba su mayar da kisan nan hukunci ba, kuma ya zama hujjar da aka daɗe ana yaudarar matasa da ita.

Gawa, Diyya da Afuwa

Akwai ɓangaren da ya shafi al'ummar Musulmi kai tsaye. Sunna ce a gaggauta jana'iza, kuma iyalai da yawa suna ƙin a taɓa gawar ɗansu, su karɓe ta su binne, su ce sun bar wa Allah. Sai dai gawar ita ce shaidar da ba ta jin tsoro kuma ba ta karɓar cin hanci: ita take nuna ko harsashi ta baya ya shiga ko ta gaba, daga nesa ko a kusa. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a shekara ta 1396 bayan hijira, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 1408, duk sun halatta binciken gawa domin tabbatar da laifi, suna rinjayar da maslahar tsare jini a kan ɓarnar taɓa alfarmar mamaci, da sharaɗin a tsaya gwargwadon buƙata. Jinkirin yini ɗaya don likita ya duba ya fi sauƙi a kan tono kabari daga baya, kamar yadda aka yi wa mutanen Apo.

Biyan diyya daga baitulmali yana da asali. Lokacin da aka sami gawar Abdullahi bin Sahl (RA) a Khaibar, aka rasa hujjar da za a kama kowa, Annabi (SAW) ya biya raƙuma 100 don kada jinin ya tafi a banza. Hanafiyya ma sun ambaci cewa wanda aka samu a kashe a cikin kurkuku, diyyarsa tana kan baitulmali a ra'ayin Abu Hanifa da Muhammad, domin wurin a hannun hukuma yake. Amma a ƙissar Khaibar an biya ne bayan an nemi hujja, an gabatar da ƙasama, hanyoyin suka toshe. Kuɗin da hukuma take bayarwa tun kafin a tantance wanda ya yi kisan, ko domin iyali su janye, ya juya wannan jeri.

Haka ma afuwa. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i ta ba waliyyin wanda aka kashe da zalunci iko, aya ta 178 ta Suratul Baƙara kuma ta buɗe masa ƙofar yafewa. Yafewa saryar da haƙƙi ne, kuma mutum yana saryar da abin da yake hannunsa ne. Uban da aka gaya wa ɗansa ɗan fashi ne, ba a nuna masa rahoton likita ba, bai san sunan wanda ya yi harbin ba, sannan dattawan unguwa suka taru suna ba shi haƙuri, bai yafe komai ba tukuna, domin ba a ba shi ikon da ayar ta ambata ba. Ko da ya yafe bayan ya sani, Malik ya tafi a kan cewa wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa ana yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda, saboda a cikin jini akwai haƙƙin jama'a da waliyyi ba ya mallaka. Limamin da aka kira sulhu irin wannan yana da damar ya tambaya, kafin ya ɗaga hannu a shafa fatiha, ko an duba gawar, da wanda ya duba ta, da kuma hannun da rahoton yake.